Tukunyar Italiya, Cefanen Abzin

A Maijirgi, in ka ji an ce wane ya iya girki, to ba yabonsa ake yi ba. Namiji da noma aka san shi, ko fatauci, ko almajiranci. In ka cire mahauta masu gashin nama da masu shayi a bakin titi, ba ka ganin ɗa namiji da ludayi a hannu. Turawa kuwa, waɗanda muka fi sani tun muna yara biyu ne, kuma dukansu a kwance suke: Voulet da Chanoine, hafsoshin Faransa da suka ratso ƙasar Hausa da wuta da jini, har sojojinsu suka gaji suka harbe su a nan wajenmu cikin watan Yuli 1899. Kaburburansu na nan har gobe. Don haka da labari ya iso gida cewa ina Agadas ina dafa wa Turawa abinci, kakata ta rasa wanne za ta fara jajantawa, girkin ko Turawan.

Yunwa ce ta fitar da mu, kamar yadda ta fitar da da yawa daga ƙasar Tasawa da Mayahi. Farin 1984, wanda mutanenmu ke kira El Buhari, ya zo daidai da rufe iyakar Nijeriya, sai hanyar cin rani ta Katsina da Kano da iyayenmu suka saba ta toshe. Daga nan samari suka fara duban arewa. Ni ma da ƙarfina ya kawo, bayan an ɗaure hatsi, sai na hau kamyo a bakin kwaltar da ta ratsa garinmu, muka yi Damagaram, muka miƙe Tanut da Adarbisanat, ina zaune bisa buhunan gero har na hango husumiyar babban masallacin Agadas, mai tsawon mita 27, da itatuwa tsattsaye a jikinta.

Wanda ya san Agadas ta yau kaɗai ba zai yarda da wadda na tarar ba. Daga Nuwamba zuwa Maris gari cike yake da turis. Wasu sun keto sahara ta Tamanrasat da Asamaka cikin tsofaffin Peugeot 504, su sayar da motar su koma ta jirgi. Wasu sun zo su ga dutsen Abzin da rairayin Tenere a cikin katkat ta Buzaye ƴan jagora. Tseren Paris-Dakar kan yada zango a garin kusan kowace shekara. Maƙeran azurfa ba sa hutawa, masu jima da dukawa haka. Italiyawa na cikin waɗanda suka fi son wurin, har wasunsu suka zauna suka buɗe gidajen abinci. Wanda ya fi suna shi ne Le Pilier, wanda ake da shi har a Yamai. Namu ƙarami ne, a wani lungu na tsohon gari: gidan ƙasa mai rufin azara, tebura a tsakar gida bisa rairayi, kicin a can ƙurya.

Da wanke-wanke na fara, kamar kowa. Kicin yana da sarautunsa. Maigida, wani Ba'italiye daga yankin Beneto, shi ne shef. Na biyunsa wani dattijo ne ɗan Kwatano, Kirista, wanda ya yi wa Turawa girki tun daga Lome har Abijan, kowa Baba yake ce masa. Sai mai tanderun fiza, wani Buzu marar magana; sai mai salad da kayan zaƙi; sai mu yara a gindin bahon wanki. Ba wanda ya zaunar da ni ya ce zo in koya maka. Na dai lura cewa in na gama faranti da wuri, ba mai korata in na tsaya kusa da Baba. Ran nan ya turo mini kwandon albasa da wuƙa, bai ko dube ni ba.

"Ɗan Maijirgi, yanka. Ƙanana, kai ɗaya. In wata ta fi wata girma, ɗaya za ta ƙone ɗaya na ɗanya."

"To, Baba."

Lokacin sanyin nan duka a kan albasa na ƙare shi. Daga ita sai karas, sai tafarnuwa, sai fiɗar kaza, sai aka yarda in tsaya gaban wuta.

Tawayen Abzinawa da ya tashi a 1990 ya kore turis. Hanya ta koma sai da rakiyar soja. Masu cin abincinmu suka zama ma'aikatan ma'adinin Arlit, da ƴan furoje, da fada-fada na mishan. Ana cikin haka, a watan Janairu 1994, aka karya darajar sefa: faran ɗin Faransa da ake saye sefa 50 ya koma 100 a dare ɗaya. Duk abin da ke zuwa daga Turai kuɗinsa ya ninka: cukun Farmizano, man zaitun, tumatirin gwangwani, shinkafar rizoto. Maigida ya zauna da littafin lissafi ya dafe kai. Zaɓi biyu ne, ko a rufe gida, ko a nemo Italiya a cikin kasuwar Agadas. A nan ne Allah ya buɗe mini ƙofa, don ni ne mai Hausar ciniki, ni na san bakin masu lambu, kuma ni ne na tashi a gidan da ba a zubar da komai.

Abin da muka gano a shekarun nan shi ne darasin da ya fi zauna mini. Dutsen Abzin lambu ne babba ga wanda ya sani. Tafarnuwa da dankalin Turawa suna saukowa daga Bagzam bisa jakai kafin su hau mota. Albasa daga Tabelot, in ta yanke a kawo ta Galmi. Lemo da rumman daga Timiya. Gishirin beza daga Bilma, wanda ayarin raƙuma ke kawowa. Fulawa da man zaitun suna shigowa daga Aljeriya da Libiya da sauƙin kuɗi. In tumatir ɗanye ya wuce, sai na kawo kauɗa. Ranar da maigida ya fara ganinta, ya shinshina, ya ce ai haka matan Sisiliya ke shanya nasu bisa rufin ɗaki. Muka jiƙa ta, muka tsane, muka zuba mata mai da tafarnuwa, ta zama abin buɗe ciki da baƙi ke tambaya da suna. Ɗoɗɗoya ta shiga turmi da gyaɗa soyayya a madadin ƴaƴan itacen da Italiyawa ke sa wa koren miyarsu ta festo. Cukun Buzaye, in an ɗan gasa shi aka goga, yana rufa asiri a bisa taliya, ko da yake maigida bai taɓa yarda a kira shi Farmizano ba. Baba kuma ya tuno da wagashin Fulanin arewacin Benin: a ɗora madara a wuta, a sa mata tumfafiya, ta kama. Da shi da alayyafo muke cusa rabiyoli. Farmizano na gaske bai wuce guntun da wani baƙo zai ɓoyo mana a cikin akwati ba, shi ma maigida ke riƙe da makullinsa.

Bayan an sa hannu a yarjejeniyar zaman lafiya ranar 24 ga Afrilu 1995, jirage suka fara sauka kai tsaye daga Faransa, gari ya farfaɗo. Gwiwoyin Baba sun gaji da tsayuwa, sai ya koma kan burodi da kayan zaƙi. Shi da kansa ya ce wa maigida a ba ni matsayinsa. Ba a yi wani biki ba. Makullin sito aka miƙo mini, da farar riga mai maɓallai jeri biyu.

Mutane sun ɗauka na biyu shi ne wanda ke jiran na ɗaya ya kauce. Ba haka ba ne. Shef shi ke da suna, shi ke fita ya gaisa da baƙi, shi ke cewa yau ga abin da za a ci. Na biyu shi ke sa maganar ta tabbata. Da na sallame asuba sai kasuwa, kafin rana ta taɓa ganye. In dawo in auna, in rubuta, in raba wa kowa aikinsa. In duba firigo, don in kuran ya ɗauke cikin dare, ni ne zan shinshina kowane kwano in yanke hukuncin abin da zai rayu. Kafin a buɗe ƙofa, dole kowane abu ya kasance a yanke, a jere, inda hannu zai kai ba tare da ido ya duba ba. In maigida ya fusata, a kaina yake saukewa da Italiyanci haɗe da Faransanci, ni kuma in tace, in miƙa wa yara da Hausa abin da zai gyara aiki ba wanda zai ɓata zuciya ba. In yaro na da biki a gida ko mahaifiyarsa ba lafiya, ni zan san yadda zan shigar da maganar a lokacin da fuskar maigida ke sake. Faranti ba ya fita sai ya bi ta gabana. In ya yi daɗi, shef ya iya. In gishiri ya yi yawa, ina na biyu yake?

Miyar nama ta Bolonya ita ce ma'aunin haƙurin mai girki. A fara da albasa da karas, da seleri in an dace, a cikin mai bisa wuta ƙasa-ƙasa har su yi laushi ba tare da sun yi ja ba. A zuba niƙaƙƙen nama a soya har ruwansa ya ƙafe. Sannan tumatir, ba mai yawa ba, a bar ta tana ɓararraka a hankali awa uku ko fiye. In naman raƙumi ne, wanda turis ke so don su je gida su ba da labari, sai an ƙara mata lokaci. Taliyar kanta kuwa lissafi ce: ƙwai ɗaya ga giram 100 na fulawa. Da damina ƙwan zabi ya fi, kwaiduwarsa na sa kwaɓin ya yi launin zinariya, sai dai ƙanana ne, dole a ƙara. Da hunturu iskar Agadas kan busar da kwaɓi kafin ka juya, sai da jiƙaƙƙen ƙyalle a kai. Da bazara kuma kwaɓin fiza kan tashi ya zube tun kafin azahar.

Injin murza taliyar bai ba ni mamaki ba, don irinsa ne yayata ke ɗaurewa a bakin benci a gida tana murza ta sayarwa, ta shanya a igiya, yara su saya da mai da yaji. Inda muka rabu da Italiyawa shi ne dahuwa. Mu muna son ta nuna luguf. Su kuwa sai a tsame ta tana da sauran ƙarfi a tsakiya, yadda haƙori zai ji ta, a ƙarasa ta cikin miya da ɗan ruwan dahuwarta. Lita ɗaya ta ruwa, giram 10 na gishiri, ga kowane giram 100. Tsakanin daidai da lalacewa bai fi minti ɗaya ba, kuma wannan mintin a wuyan na biyu yake.

Akwai abin da ba mu taɓawa. Naman alade busasshe da giyar inabi suna da kabad ɗinsu, da wuƙarsu, da katakonsu, kuma Baba ne kaɗai ke buɗewa. Maigida bai taɓa tilasta wa Musulmi ba, mu ma ba mu taɓa yi wa Baba kallon banza ba. In lokacin salla ya yi, shi ke riƙe mana wuta. Ran Lahadi da safe mu riƙe masa tasa.

Watan Janairu 1997 ba zai fita daga raina ba. A shekarar, tseren ya tashi daga Dakar ya zo ya juya a Agadas ya koma Dakar, ga kuma azumi ya kama. Gari ya cika da makanikai, ƴan jarida, matuƙa jirgi, da masu babura da ƙura ta rufe musu kama. Italiyawan cikinsu ba su da hira sai ta Edi Orioli, ɗan ƙasarsu da ya ci tseren babur a shekarar da ta gabata. Tebura ba su isa ba, muka aro tabarmi da darduma a maƙwabta. Tanderun fiza, mai zafin da ya kai digiri 400, bai huce ba tun hantsi. Mai girki da azumi a baki yana cikin jarrabawa biyu: ƙishirwa a gaban wuta, da miyar da ba ya iya haɗiya. Malamin unguwarmu ya ce in na ɗanɗana da bakin harshe na tofar, azumi bai karye ba, sai dai barinsa ya fi. Sai Baba ya zama harshena. In miƙa masa cokali, ya lumshe ido.

"Gishiri kaɗan. Bar ta ta ƙara minti goma."

Da aka kira magariba, ana tsakiyar fitar da abinci, maigida da kansa ya shigo da faranti na dabinon Ingal da butar ruwan sanyi, ya karɓi ludayi daga hannuna.

"Ku sha ruwa. Baƙi su jira."

Muka sha a tsaye, muka yi salla bi da bi a bayan sito, muka koma. Sai bayan tsakar dare faranti na ƙarshe ya fita. Mai fiza ya ɗora shayi a kan garwashin tanderu, muka zauna bisa buhunan fulawa, ba mai iya ɗaga hannu, amma kowa na dariya. Daga baya muka ji wani Bajapane, Shinozuka, ne ya ci tseren mota, Peterhansel na Faransa ya ci na babur. Mu a wurinmu, tseren a daren nan aka gama shi.

Maigida ba mai yawan labarin gida ba ne. Amma wata rana na same shi shi kaɗai yana tuƙa garin masara a tukunya da muciya. Folenta suke ce mata, tuwon masara ne sak, sai dai a juye shi a katako a yanka da zare. Ba don baƙi yake yi ba, don kansa ne. Ya ce a ƙauyensu kakanninsa ita suke ci safe da dare, ba nama ba miya, har wata cutar fata da rashin abinci mai gina jiki ke kawowa ta addabi yankin. Ya ce miliyoyin Italiyawa yunwa ta kora Amurka da Ajantina da Barazil, daga baya wasu suka tafi ramukan kwal na Beljiyam, inda gobarar Marcinelle ta 1956 ta kashe mutum 262, fiye da rabinsu ƴan ƙasarsu. Na ba shi labarin El Buhari, da yadda mata ke tonon gidan tururuwa suna neman tsaba. Tun daga ranar na gane dalilin da ya sa ba ya barin a zubar da busasshen burodi, ko ƙashi, ko ɓawon cuku. Abincin da muke jera wa masu kuɗi bisa farin ƙyalle, asalinsa dabarar matalauta ce: abu uku ko huɗu, a girmama kowanne. Shi ya sa ya karɓi kauɗa da tumfafiya ba tare da ya ji an ci masa mutunci ba, shi ya sa kuma hannun ɗan Maijirgi bai yi baƙunta a cikinsa ba. Da yunwar 2005 ta faɗa wa jihar Maraɗi, ban buɗe baki ba ya ba ni kuɗin watanni gaba, na aika da buhunan hatsi gida.

Alamun ƙarshen zamanin turis sun fara tun 2000, lokacin da masu tseren suka ji tsoron hari, suka kwashe motocinsu a jirgi daga Yamai zuwa Sabha, suka tsallake mu. Cikar ƙarshe da na gani ita ce ta husufin rana na 29 ga Maris 2006, da baƙi suka yi ta kwarara zuwa wajen Bilma don su ga duhu da rana tsaka. A watan Fabrairu 2007 aka kai hari Iferwan, sabon tawaye ya tashi, aka dasa nakiyoyi a hanyoyi. Muka riƙa shimfiɗa tebura muna naɗewa ba wanda ya zauna. Maigida ya tara mu, ya biya kowa haƙƙinsa, ya ce in ƙura ta lafa zai dawo. Sace ma'aikata a Arlit cikin Satumba 2010 ya rufe wannan zancen. Da UNESCO ta sa tsohon garin Agadas cikin kayan tarihin duniya a 2013, masu zuwa kallonsa sun riga sun ɗauke ƙafa. Baba ya koma Kwatano wurin jikokinsa. Mai fiza ya zama direban hanyar Libiya. Ni na dawo gona.

Ba kuɗin turis nake kewa ba, ko da yake sun yi mini rana: da su na yi aure, da su na sayi shanun huɗa. Abin da nake kewa shi ne sa'ar nan ta ƙarfe takwas na dare, takardun oda sun yi layi, mutum shida a ɗaki ƙarami, Bahaushe da Buzu da ɗan Benin da Bature, kowa ya san inda ɗan'uwansa zai sa ƙafa tun bai ɗaga ba. A gona kai da Allah ne da damina. A kicin kuwa kowane minti wani ya dogara da kai, kai ma ka dogara da wani.

Samarin garinmu har yanzu arewa suke yi, sai dai yanzu zinariyar Jado ce ke kiransu tun 2014, ko Aljeriya, ko Libiya. Kwanan baya ɗan ƙanwata ya kira ni daga Tarabulus, murya a sanyaye, wai bai samu aikin gini ba, wanke-wanke yake yi a wani gidan abinci, kada in faɗa a gida.

"Kawu, kunya nake ji."

"Wa ke yanka albasa a wurin?"

"Wani tsoho ne ɗan Tunusiya."

"To ka riƙa gama farantanka da wuri, ka je ka tsaya kusa da shi. Kada ka tambaye shi komai. Ran da ya miƙo maka wuƙa, ka kira ni in gaya maka sauran."